Daga Kaset Zuwa Kwamfuta: Adana Waƙa da Sunanta da Hoton Bangonta

A gidaje da yawa akwai wata tsohuwar adaka da aka tura ƙarƙashin gado, cike da kaset-kaset da faya-fayen garmaho waɗanda maigida ya tara shekara da shekaru. Rakodar da ake sa su ta daɗe da mutuwa, mai gyaranta a kasuwa kuma ya koma gyaran wayar hannu. Duk wanda ya ƙudurci ceto abin da ke cikin wannan adaka, ya zuba shi a kwamfuta yadda zai riƙa zaɓen waƙa da danna yatsa, to aiki uku ne ke gabansa: ya kwashe sautin, ya rubuta wa kowace waƙa bayaninta, sa'an nan ya haɗa ta da hoton bangon da ta zo a cikinsa. Galibin mutane sun ɗauka na farkon ne mai wuya, alhali kuwa na'ura ce ke yin kusan dukkansa. Na biyu da na uku su ne masu cin rai, kuma in aka yi sakaci da su wahalar na farkon takan tashi a banza.

Asalin Akwatin Zaɓen Waƙa

A watan Nuwamba na 1889 wani mutum mai suna Louis Glass ya girka garmahon Edison a wata mashaya ta birnin San Francisco a Amurka, ya yi masa ramin jefa kuɗi. Waƙa ɗaya tak ke ciki, kuma sai an kanga wani bututu a kunne ake jin ta. Daga nan abin ya yi ta bunƙasa har ya zama katafaren akwati mai fitilu kala-kala, wanda Amurkawa ke kira jukbos. A 1948 kamfanin Seeburg ya fito da wanda ke ɗaukar faifai 50, watau waƙa 100 ke nan, tun da kowane faifai fuska biyu gare shi. Abin lura a nan shi ne, akwatin bai san sunan ko ɗaya daga cikin waƙoƙin ba. Gurbi kawai ya sani: faifai na kaza, fuska ta kaza. Mai akwatin ne ke zama ya buga sunan waƙa da na mawaƙi da tafireta a kan 'yan siraran takardu, ya jera su bayan gilashi, kowace a gefen lambarta. In ya sa takarda a gurbin da ba nata ba, sai mutum ya biya kuɗin wata waƙa ya ji wata daban.

Manhajojin kwamfuta da suka gaji wannan akwati, kamar Winamp da MusicMatch Jukebox na 1997, da iTunes na 2001, sun gaje shi har da wannan duhun kai nasa. Suna iya riƙe waƙa dubu goma, amma abin da aka rubuta musu shi kaɗai suka sani.

Yadda Sauti Ke Zama Lambobi

Sauti dai kaɗawar iska ce. Idan makaɗi ya bugi kalangu, fatar takan yi ta kai da kawo, tana matsa iskar da ke kusa da ita tana sakinta, wannan matsi kuma ya yi ta tafiya har ya iske dodon kunne ya kaɗa shi. Faifan garmaho yana adana siffar kaɗawar a cikin ɗan kwarin da allura ke bi. Kaset kuwa yana adana ta ne a matsayin ƙarfi da raunin maganaɗisu a jikin zare. Ita kwamfuta lambobi kaɗai take riƙewa, saboda haka dole a auna kaɗawar a kai a kai, a rubuta kowane awo da alƙaluma, tamkar yadda ma'aikaciyar jinya ke auna zafin jikin majinyaci tana sa ɗigo a takarda har layin zazzaɓinsa ya fito.

To sau nawa za a auna? Amsar tana cikin kunnen ɗan Adam. Yaro mai lafiyayyen kunne yana jin sauti daga mai kaɗawa 20 a sakan ɗaya zuwa mai kaɗawa 20,000. Binciken Harry Nyquist na 1928 da na Claude Shannon na 1949 sun nuna cewa muddin yawan awon ya zarce ninki biyu na kaɗawa mafi sauri, to ana iya mayar da sautin yadda yake. Shi ya sa faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka shigar kasuwa a 1982, yake ɗauke da awo 44,100 a kowane sakan, kowane awo kuma a kan tsani mai mataki 65,536, ɗaya don kunnen dama ɗaya don na hagu. In aka yi lissafi, minti ɗaya na waƙa yana cin megabayit goma da 'yan kai. Da jemagu ne suka ƙera faifan, da wannan adadi bai ishe su ba, domin kuwa wasu nau'o'insu suna jin kaɗawa fiye da 100,000 a sakan.

Kwashe waƙa daga CD ba wani abu ba ne illa kwafe lambobin da ke ciki. Inda faifan ya karce, manhaja mai kyau takan maimaita karatun wurin har sai ta sami amsa ɗaya.

Abin da Kunne Ba Ya Ji

A shekarun 1990 megabayit goma ba ƙaramin wuri ba ne. Dabarar rage shi ta fito ne daga nazarin kunne, kuma a nan ne ilmin halittu ya taimaki injiniyoyi. A can cikin kunne akwai wani bututu mai ruwa wanda ya naɗe kamar katantanwa, zagaye biyu da rabi da 'yan kai. In an warware shi tsawonsa wajen milimita 35 ne. A cikinsa akwai wata shimfiɗaɗɗiyar fata mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 3,500 a layin ciki da 12,000 a layukan waje. Georg von Békésy, haifaffen ƙasar Hungari, ya nuna cewa kowane sauti yana da wurin da ya fi kaɗawa a wannan fata: siririn sauti a kusa da bakin bututun, kakkaura kuma can ƙurya. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel a 1961.

Amma fa kaɗawar ba ta tsayawa a ɗigo guda, takan malala zuwa maƙwabta. Saboda haka idan sauti mai ƙarfi ya mamaye wani yanki na fatar, ƙaramin sautin da ya zo a kusa da shi ba ya samun ƙwayoyin da za su kai labarinsa ga ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yin magana a gefen injin niƙa ya san haka. Har bayan sautin mai ƙarfi ya ɗauke, kunne yakan yi wani ɗan yanki na sakan kafin ya farfaɗo. Masu bincike a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, sun yi amfani da wannan rauni: na'ura ta lissafa abin da zai ɓuya a bayan wani sautin, ta rage kulawar da take ba shi ko ta yar da shi ɗungum. An wallafa ƙa'idar a 1993, sunan MP3 kuma ya biyo baya a 1995. A mizanin da ya fi yaɗuwa a wancan zamani, fayil yakan koma kashi ɗaya cikin 11 na girmansa.

Dabara ce mai ban sha'awa, sai dai abin da aka yar ya tafi ke nan. Kuma in aka sake matse fayil ɗin da aka riga aka matse, asarar hauhawa take yi, kamar hoton takardar da aka yi ta buga kwafe daga kwafe. Tun da wurin ajiya ya yi araha, babu hujjar mai adanawa ya mai da MP3 uwar ajiyarsa. Akwai tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, mai rage fayil zuwa wajen rabi ba tare da ya taɓa ko lamba ɗaya ba. Daga irin wannan uwa ana iya fitar da ƙananan kwafe na waya da na mota duk lokacin da aka ga dama.

Kaset da Abokan Gabarsa

Kaset, wanda Philips ya fito da shi a 1963, shi ya fi ban tausayi. Zarensa leda ce siririya da aka shafe da garin tsatsar ƙarfe, aka kama garin da wani irin danƙo. Laima tana shiga wannan danƙo ta karya ƙwayoyinsa, sai garin ya soma kakkaɓewa. Funfuna kuma, musamman dangin Aspergillus da Penicillium, tana tsirowa a gefen naɗin idan damina ta daɗe ɗaki bai sha iska ba. Zafin bazara yana lanƙwasa kwanson, ƙurar hunturu tana karce zaren. Ko CD bai tsira ba: a 2001 wasu masu bincike na ƙasar Sifen sun ba da bayanin wata funfuna da ta ci hanyoyi a cikin wani faifai da aka samo daga Belize.

Kwashe kaset ba ya karɓar gaggawa. Zaren yana tafiyar santimita 4.76 a sakan, kuma haka za a bi shi. Mai kaset 200 na awa ɗaya-ɗaya zai zauna awa 200. Kafin a fara, a goge kan rakodar, wanda masu gyara ke kira hed, da auduga da sifirit. A duba ɗan soson da ke tokare zare a bakin kaset, domin yakan faɗo da tsufa. Akwai kuma wani ɗan sukuru a gefen hed da ke daidaita karkatarsa. In bai dace da na rakodar da ta ɗauki waƙar ba, sai sautin ya dushe kamar an rufa masa bargo. Kaset mai funfuna kuwa ba a sa shi sai an tsabtace shi, don kada ya shafa wa sauran. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗi cewa na'urorin kunna zare da kayan gyaransu suna ƙarewa, har ma akwai tsoron su riga zaren kansa ɓacewa.

Samfuri Ba Takarda

Kowane ɗalibin ilmin tsirrai ya san ƙa'idar ɗakin adana busassun ganyaye. Komai kyan samfurin da aka matse, in babu takardar da ke faɗin inda aka tsinko shi, da ranar, da wanda ya tsinko, to darajarsa ba ta wuce ta harawa ba. Haka fayil ɗin waƙa yake. Faifan CD na asali ba ya ɗauke da sunan waƙa ko na mawaƙi. Yawan waƙoƙi da inda kowace ta fara kawai ya sani. A 1993 wani injiniya mai suna Ti Kan ya ga cewa waɗannan tsawace-tsawace sun isa su zama shaidar gane faifai, kamar yadda ake gane nau'in kifi ta ƙirga ƙayoyin bayansa. Daga nan rumbun CDDB ya samo asali: mutum ɗaya ya buga sunayen, duk wanda ya sa irin faifan daga baya sai kwamfutarsa ta ɗebo su. Kuskuren mutumin farko ma haka yake yaɗuwa. A 2000 Robert Kaye ya kafa MusicBrainz, rumbun da kowa ke iya gyarawa, daga baya kuma aka sami dabarun gane waƙa daga amonta. Sai dai duk waɗannan ba sa gane abin da wani bai riga ya shigar ba.

Shi kuma katin bayanin da ke liƙe a jikin MP3, wanda ake kira ID3, Eric Kemp ne ya ƙago shi a 1996. Bayit 128 ne kacal a ƙarshen fayil: harafi 30 na sunan waƙa, 30 na mawaƙi, 30 na faifai, 4 na shekara. Wanda ya rubuta Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina zai tarar an guntule shi a kan "Kats". Jerin nau'o'in kiɗa guda 80 ne, babu gurbin kiɗan fada ko na noma ko na 'yan dambe, sai dai a jefa su cikin "sauransu". Mafi muni, haruffan da katin ya sani na Turai ta Yamma ne, babu ɓ da ɗ da ƙ. Sunan Ɗanƙwairo yakan fito da alamar tambaya biyu a cikinsa. Sabon tsarin da ya zo a 1998 ya warware matsalar tsawo da ta haruffa, amma tsofaffin na'urori da yawa ba su bi shi sosai ba.

Akwai kuma matsalar da ba na'ura ce ta jawo ta ba. Ga manhaja, Dankwairo da Dan Kwairo da Ɗanƙwairo da Alhaji Musa Dankwairo mutum huɗu ne, kowa da shafinsa. Irin wannan ruɗani ne ya addabi masana tsirrai kafin Linnaeus ya tsayar da suna mai kalma biyu a littafinsa na 1753. Magani ɗaya ne: a zaɓi rubutu guda, a rubuta shi a littafi, a bi shi ba sauyi. Haka zalika kaset ɗin da ya tara mawaƙa da yawa yana bukatar a cike gurbin mai faifai da suna ɗaya, in ba haka ba manhaja ta tarwatsa shi gida goma.

Waƙar baka ta Hausa tana da nata ƙarin sha'ani. Shata, wanda ya rasu a 1999, bai rera Bakandamiya sau ɗaya ba, kuma makaɗin baka ba ya maimaita waƙa daidai wa daida. Yakan ƙara ɗiya ko ya rage gwargwadon wurin da mutanen da ke gabansa. Saboda haka sunan waƙa kaɗai bai isa ba. Ana bukatar a san ko ɗaukar gidan rediyo ce, ko ta kamfani, ko ta wajen biki, da garin, da shekarar. Wanda ya ga suna iri ɗaya sau uku ya goge biyu don rage cunkoso, mai yiwuwa ya goge abin da babu kwafensa a ko'ina.

Hoton Bango

Da can faya-faye a cikin baƙin kwali ko farar takarda suke zuwa. Alex Steinweiss na kamfanin Columbia shi aka fi dangantawa da ƙago bango mai zane, a wajajen 1940. Da babban faifai mai dogon zango ya fito a 1948, bangon ya zama fili mai faɗin santimita 31 kowace kusurwa. CD ya rage shi zuwa 12, allon waya kuma ya mai da shi kamar kan sarki. Duk da haka bai rasa aikinsa ba, domin ido yana gane hoton da ya saba da shi tun kafin ya gama karanta kalma ɗaya. Wannan ne ya sa a 2006 aka ƙara wa iTunes tsarin Cover Flow, inda mutum ke shafa banguna suna wucewa kamar yana bincike a shagon mai faifai.

Ɗaukar hoton da na'urar sikana yana da ƙa'idodinsa. A kan ɗigo 300 a kowane inci, bangon CD yakan ba da ɗigo wajen 1,400 a kowane gefe, wanda ya isa. Bangon garmaho ya fi gilashin sikana na ofis faɗi, sai an ɗauke shi kashi huɗu an ɗinke. Tun da hoton ɗab'i ƙananan ɗige-ɗige ne, sukan yi karo da na sikana su haifar da wani zane kamar saƙar tabarma, sai an sa manhaja ta lafar da shi. Tsarin JPEG kuma ɗan'uwan MP3 ne a hali: ya dogara da cewa ido ya fi kula da bambancin haske da duhu a kan na launi, kuma duk sake ajiyewa sai ya ƙara zubar da wani abu. Uwar hoto a PNG ko TIFF ya kamata ta zauna.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne sanin inda hoton yake zaune, domin wuri uku ne. Yana iya zama a cikin fayil ɗin waƙar kansa. Tsarin ID3 na 1998 ya tanadi nau'in hoto 21, daga bangon gaba da na baya har zuwa wurin ɗaukar waƙa, kuma, don barkwancin masu tsarawa, har da gurbin kifi mai launi mai haske. Yana iya zama a jakar faifan da suna irin folder.jpg ko cover.jpg. Ko kuwa manhaja ta ɓoye shi a nata rumbun. Na ukun nan shi ne tarkon: komai yana fitowa tsaf a allo, sai ranar da aka sauya kwamfuta a ga banguna dubu sun koma fari fat. Wasu manhajojin ma sukan danne babban hoton da mutum ya sha wahalar ɗauka da wani ɗan ƙarami nasu ba tare da sun tambaya ba. Na cikin fayil yana bin waƙa duk inda ta je, amma yana maimaituwa: hoto mai rabin megabayit a waƙa 12 ya zama megabayit 6, a faifai 1,000 kuma gigabayit 6. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyu, ƙarami mai ɗigo 600 a cikin fayil saboda rediyon mota da tsofaffin wayoyi, babba kuma a jaka, uwar hoton a wata ma'ajiya da manhajar ba ta isa gare ta ba.

Ga waƙoƙin Turai da Amurka, rumbun Cover Art Archive, wanda MusicBrainz da Internet Archive suka buɗe a 2012, yakan wadatar, ko da yake faifai ɗaya kan fito da bango daban-daban a ƙasashe daban-daban, kuma manhaja ba ta damu da wanda ta ɗauko ba. Ga kaset ɗin kuntigin Ɗanmaraya Jos ko amadar Barmani Choge da aka saya a teburin mai ɗaukar waƙa a kasuwa, sau da yawa babu bango ko kaɗan, sai farin kati da rubutun biro. A nan zuciya takan raya wa mutum ya ɗebo kowane hoton mawaƙin daga intanet ya liƙa don allo ya yi kyau. Wannan daidai yake da liƙa wa samfurin ganye takardar wani samfurin. Katin nan mai rubutun biro shi ne bangon, kuma shi za a ɗauka, ciki da waje, har da hatimin shago in akwai, da kwanan watan da wani ya rubuta a gefe, da jikin kaset ɗin kansa fuska biyu. Sa'an nan a ba kaset lamba, a rubuta lambar a sunan jakarsa ta kwamfuta, a yi kwafe biyu a ajiye ɗaya a wani gidan. Shi kuma kaset a mai da shi kwansonsa, a jera shi a tsaye a wuri mai sanyi da ba ya laima.